Mai Tsatsa a Jikin Rumbu

Damina ta matso, kowa a ƙauyen nan na gefen Makoda ya yi wa rumbunsa yaɓe, ban da Malam Uwais. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa har ta tsumu, amma ya kasa ɗora hannu. A jikin rumbun akwai mutum biyu da ɗansa Zaharaddini ya zana da ragowar fenti kafin ya tafi Legas aikin lodi. Ya kwaikwaye su ne daga wasu yagaggun shafukan littafin zane da mai tsire ya taɓa naɗe masa nama a ciki.

Tun rasuwar mahaifiyar Zaharaddini gidan ya yi wa Malam Uwais girma. Ɗan nasa yakan kira jefi-jefi, sai dai maganar ba ta wuce gaisuwa. "Lafiya lau, Baba. Aiki da godiya." Daga nan sai ƙarar motoci. Kullum ji yake yaron yana ƙara nisa, shi kuma bai san abin da zai faɗa ya riƙe shi ba.

Ya taɓa kiran samarin gidan kallo su duba zanen, ko za su ba shi labarin mutanen ya samu na faɗa a waya. Suka duba, suka girgiza kai.

"Baba, waɗannan ba sa cikin fim. Ba wanda ya san su."

Ranar da hadari ya fara haɗowa daga gabas, maƙwabcinsa Ɗan Iya ya leƙo ta kan danga.

"Uwaisu, gero za ka ci bana ko zane? Ruwan farko kaɗai ya isa ya kwantar da rumbun nan."

"Ka ji da naka, mai rumbu kamar tukunyar miya."

"Tukunyar tawa dai ba ta yoyo."

Malam Uwais ya san gaskiya ya faɗa. Ya yanke shawarar ya bar mutum ɗaya, ya shafe ɗaya. Ya tsaya ya ƙare musu kallo. Na hagu doguwar riga ce a jikinsa har ƙasa, fuskarsa a rufe, idanu kaɗai ake gani, kamar dattijon da ya ja amawali. Na dama kuwa kaya sun ɗame shi, ƙirji a banƙare, ga ɗan kamfai a saman wando.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji shi. Ya ɗebi ƙasa ya fara da ƙirjin.

Bayan sallar Juma'a wayar ta yi ƙara. Zaharaddini ne. Malam Uwais bai bari gaisuwa ta ƙare ba.

"Na yi wa rumbu yaɓe. Amma na bar maka jaruminka, mai mutuncin nan da ya rufe fuska. Ɗan iskan na shafe."

Sai Zaharaddini ya fashe da dariya, irin wadda rabonsa da jin ta tun yaron yana gida.

"Baba, ai mugun ka bari! Mai Tsatsa ke nan. Duk ƙarfen da ya taɓa, nan take tsatsa ta cinye shi."

Kunya ta kama Malam Uwais, amma ya lura yaron bai yi sallama ba.

"Har fartanya?"

"Har garma, Baba. Har gada."

"Subhanallahi. Me aka yi masa da zafi haka?"

"Ban sani ba, daidai nan shafin ya yage. Na nema a waya ma, ban samu ba. Littafin fitowa ɗaya ya yi aka watsar da shi."

Suka ɗan jima a kan Mai Tsatsa, uban yana tambaya, ɗan yana amsawa. Can wani ya ƙwala wa Zaharaddini kira, wai motar kaya ta iso.

"Shi jarumin fa?" Malam Uwais ya yi sauri. "In ka zo sai ka sake zana shi."

"Na manta kamanninsa, Baba. Hannun ma duk ya yi kanta."

"To, in ka zo dai."

"In sha Allahu."

Wayar ta katse. Malam Uwais ya zauna a bakin turmi, gidan ya koma shirunsa. Ya fara tsara abin da zai tambaya in an sake kira: ko shi Mai Tsatsan yana da 'ya'ya, kuma ko suna zuwa duba shi.