Busar Buɗe Famfon Dandali

Lyuben mijin ƙanwata ne, kuma tayil ɗin banɗaki yake sayarwa. Da cinikinsa ya buɗe, sai ya sayi kwamfuta da fiyanon lantarki da wani rumbun sautuka da aka naɗa daga bakin mabusa na gaske, wanda in ka danna maɓalli sai ƙaho ya yi kuka. Bai rufa wata biyu ba ya fara ɗaura gyale a wuya cikin zafin bazara, yana cewa a kira shi Maestro, wato sarkin makaɗa.

Ni kuwa Parvan, na ƙare ƙuruciyata ina busa ƙaho a Sofia, na dawo garinmu na bakin kogin Danube ina jan 'yan badujalar gari, tsofaffi irina. Da aka gina famfo mai feshi a dandali, magajiyar gari ta ce tana son sabon kiɗa ranar buɗewa. Ba ta tambaye mu ba. Lyuben ta ba wa, don shi ya yi mata tayil ɗin kicin.

Ya kira ni ɗakinsa na bayan shago, ya kunna mini abin da ya haɗa. Na ɗauka manyan motoci ne suka cushe a kan iyakar Romaniya.

"Yaya, ya ka ji?" in ji shi.

"Na ji. Wa ya rasu?"

"Hassada ce kawai."

"Lyuben, ƙahonni shida ka sa suka fara tare kamar an ja kunamar bindiga. Mutane ba sa haka. Kuma tun da aka fara ban ji wanda ya ja numfashi ba."

"Ai amfanin na'ura ke nan. Ba ta numfashi, ba ta shan giyar rakiya, ba ta ciwon baya."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ƙahon da ke jan waƙar ya sauko ƙasa, na ji wata 'yar gargada a ƙarshen sautin. Na san ta. Tawa ce. Shekarun baya wasu baƙi sun kulle mu a wani zaure a Sofia suna naɗar mu sauti ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da ƙarfi, gajere, dogo, har leɓena ya fashe. Ashe a hannun mai tayil zan ƙare.

Na faɗa masa. Ya tafa hannu yana dariya. "Ka ga! Ashe kana cikin aljihuna ban sani ba."

Da ba don ƙanwata Gergana ba, da ban sake taka ɗakin ba. Ta zo har gida da farantin banitsa, burodin nan mai cuku, da zafinsa, ta ce, "Yaya, kar ka bari gari ya yi masa dariya. Ni za a nuna a kasuwa." To, na koma. Na zauna kusa da shi ina nuna masa inda zai yanke sautin don mabushi ya sha iska. Na sa ya ja wannan ƙahon baya kaɗan, ya tura wancan gaba, don kar su faɗo tare. Na kama yatsansa na ɗora kan ɗan gargaren da ke gefen fiyanon, na ce ya murza shi sannu sannu, saboda ƙaho yana farawa da laushi ne kafin ya yi kaifi. Na sauko da sautukan da ya kai sama inda ko sauro ba ya kaiwa. Abin ya fara kama da kiɗan mutane. Amma duk ranar da na tafi cin abinci, kafin in dawo ya cike guraben numfashin, wai ramuka ne, shi kuma ba ya barin rami a aikinsa. Sautin ƙarshe kuwa ya rantse ba mai taɓa shi. Ya ja shi kamar igiyar shanya, wai sai ruwan famfon ya kai ƙololuwa zai tsaya.

Ranar gwaji ya raba wa 'yan badujala takardun kiɗan. Ba mu kai rabi ba fuskar Bai Stoil mai busa tuba ta koma kalar jan barkono. Ya sauke ƙaton ƙahon nan, ya ce, "Ɗana, huhu biyu gare ni, ɗayan ma taba ta cinye."

Lyuben ya dube mu kamar tayil ɗin da ya fashe a mota. Ya ce ba komai, ya riga ya yi magana da magajiya. Za a saki kiɗan ta lasifika, mu kuma mu tsaya da ƙahonni a baki muna kumbura kumatu. Na jira in ji wani ya tashi ya yi zuciya. Sai mai ganga ya tambaya ko gaskiya ne za a ɗinka mana sababbin riguna, wani ya tambaya ko akwai gasasshen rago. Aka ce akwai duka. Shi ke nan, magana ta mutu. Ni ma na je. In ban je ba, wani za su tsayar yana motsa yatsu a kan muryata.

Ranar buɗewa dandali ya cika. Muka jera cikin rigunan da har yanzu suke warin shago. Lasifika ta fashe da kiɗa, muka kumbura kumatu. Lyuben yana gabanmu yana kaɗa sanda, yana yi wa kebul ɗin lantarki jagora. Da aka zo dogon sautin ƙarshe, atishawa ta kama Bai Stoil. Ya cire bakinsa, ya yi ta har uku, ya zaro hankici ya fyace hanci, ya ninke, ya mayar aljihu, tubarsa kuwa tana ta ruri ba ta ko girgiza ba. Ba wanda ya lura. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton ruwan. Wata malamar kiɗa ta makarantar gari har da share hawaye, ta ce ba ta taɓa jin mun yi busa mai rai haka ba.

Bayan an ci rago an sha, mutane suka ce sai an taka rawar horo. Lasifika ba ta san wannan ba, don haka muka ɗauki ƙahonni muka busa da bakinmu, dandali ya kama hannu yana zagaya famfon. Muna hutawa sai ga Lyuben da kofi a hannu, da magajiya a gefensa. Ya dafa kafaɗata.

"Ba laifi, Yaya, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma ka ɗan kauce a tsakiya. A kwamfutata ka fi iyawa."

Na ce ya matso in nuna masa inda na kauce. Ya miƙo kai. Na saita bakin ƙahon daidai kunnensa, na cika ƙirji, na ba shi sauti ɗaya mai kyau. Kofin ya faɗi a kan takalmin magajiya.

Gergana ba ta yi mini magana ba har bikin Ista. Lyuben ya yi kwanaki da auduga a kunne yana gaya wa masu sayen tayil cewa manyan mawallafan kiɗa ma kurame ne. Yanzu an ba shi kiɗan buɗe sabuwar tashar mota, kuma ya ce wannan karon ba ya buƙatar ko tsayuwarmu.