Jan Hannu a Filin Fareti

Mako bakwai Adiza ta yi tana dukan ƙasa da ƙafa a filin makaranta, rana na gasa mata ƙeya, kafin Tica Imoro ya tsayar da mai ganga ya nuna ta da sanda.

"Kai, Adiza, ka fito gaba. Kai ne za ka ja su."

Tica Imoro tsohon soja ne, Badagombe, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Kullum sai yara sun yi masa dariya a ɓoye, amma ranar ba wanda ya yi. Yara arba'in aka zaɓa su yi maci ranar shida ga Maris, ranar 'yancin kai, a babban filin da ke bakin teku. Wadda za ta wuce gabansu ita kaɗai, ta ɗaga hannu ta sara wa manyan ƙasa, sai ga shi 'yar unguwar Maamobi ce da ke gefen Nima, jikar Lariba mai koko.

Shekarar Adiza sha uku, kuma tun da ta yi wayo kalma ɗaya take ji: jira. Jira a layin famfo, jira a layin bayan gida, jira ki girma. Yayarta Husseina ta jira. Gudu take kamar barewa, ba namijin da ke kamo ta a ajinsu, aka ce ta bari sai baɗi a kai ta gasa. Baɗin ta zo da yunwar shekarar tamanin da uku, yanzu Husseina na tashar Tudu tana sayar wa fasinja ruwan sanyi. Shi ya sa Adiza ta rantse ba za ta ninke rayuwarta kamar zanen Sallah ta ajiye a ƙasan akwati har asu ya cinye ba. Wannan faretin nata ne. Baɗi za a zaɓi wata.

Da gudu ta ratsa lungunan Nima, ta tsallake katakon da aka gitta a kan babbar kwata, ta faɗa gida tana haki. Kaka Lariba na tace gasara. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta goge hannu a zane, sannan ta kamo hannun jikarta ta juya shi sama da ƙasa.

"Da wanne za ki sara musu?"

"Da na dama mana, Kaka. Kin ga, haka." Ta ƙame ta nuna mata. Sarawar da Tica Imoro ya koya musu irin ta soja ce, tafin hannu a buɗe yana kallon jama'a.

"Da wannan? Fari fat kamar na mai takaba? Wa ya mutu?" Tsohuwa ta riƙe haɓa. "A ce jinina zai tsaya gaban manya hannu tsirara? Sai dai in bayan raina."

Ranar Lahadi bayan azahar ta kwance wani ƙulli da ta daɗe tana ɓoyo. Lalle ne da wani falke ya kawo mata daga Maraɗi, wanda ko a bikin 'yar aminiyarta ba ta yarda ta taɓa ba. Ta kwaɓa shi da lemon tsami, ta shimfiɗa a tafin Adiza da kan yatsunta, ta naɗe da leda da tsumma. Adiza ta zauna a bakin ƙofa hannuwa a sama, ƙawarta Mulikatu na ba ta ƙosai a baki tana tsokanarta da "amaryar gwamnati". Gab da magariba aka kwance. Ja ne mai duhu, kamar an tsoma hannun a faɗuwar rana. Adiza ta kalle shi, ƙwalla ta cika mata ido. Ba ta taɓa sanin akwai wani abu mai kyau haka a jikinta ba.

Ba ita ba kakarta, ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai idon da zai ga wannan ya kira shi aibu.

Litinin da safe Madam Okai, shugabar makarantar, ta fito duba 'yan fareti. Ta duba gashi, ta duba takalman kambas, ta ce a miƙo hannuwa. Da ta iso kan Adiza sai ta tsaya. Ba ta taɓa hannun ba. Bakin rula ta sa ta ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Wannan ƙazantar fa?" ta tambaya da Turanci.

"Lalle ne, Madam."

"Na san sunansa. Da shi za ki sara wa baƙi? Ga 'yan jarida, ga masu hoto, a ce makarantata ta turo yarinya hannu kamar ta fito daga mahauta? Filin 'yanci za mu, ba kwatar Nima ba."

Wasu yara suka tuntsire. Adiza ba ta ji su sosai ba, don idonta na kan hannun da ke riƙe da rular. Farcen Madam biyar ɗin nan ja ne jawur, jan farcen kwalba, yana ƙyalli. Wato ja in daga kanti ya fito ado ne, in daga ƙullin kaka ya fito ƙazanta ne! Ta waiga wajen Tica Imoro, mutumin da kowa ya san matarsa ba ta rabuwa da lalle. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar ganga wadda ba abin da ya same ta.

"Laraba ne gwaji na ƙarshe," in ji Madam. "In ban ga hannu mai tsabta ba, ki zauna gida."

Wa ya taɓa wanke lallen jiya a kwana biyu? Duk da haka Adiza ta gwada. Da ta dawo ta kewaya bayan ɗaki da toka da sabulun salo. Bai motsa ba. Mulikatu ta sato mata kananzir a murfin kwalba, suka goga har warinsa ya sa su tari, lallen ya ƙara fitowa kamar da gayya.

"Cale, ƙawata, bar shi haka," in ji Mulikatu. "Hannu ne fa, ba gindin tukunya ba."

Adiza ba ta bari ba. Talata da la'asar ta ɗauki dutsen goge kaushi. Tana gogawa tana kuka, ba don zafin ba, don haushin kanta: ga shi ita da kanta tana kankare abin da ta fi so, saboda wata mai rula ta ce. Fata ta saluɓe a gindin babban yatsan hagu, jini ya fito. A haka inuwa ta rufe ta.

Kaka Lariba ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta karɓi dutsen ta jefa a bokiti.

"Wa ya ce ki yi?"

Adiza ta faɗa mata duka, har maganar mahauta da kwata.

"Ƙazanta," tsohuwa ta maimaita a hankali. Ta buɗe nata tafin, wanda lalle ya rine shekara da shekaru. "Hannun nan ne ke dama kokon da masinjan Madam ɗin ke zuwa saya mata kowace safiya. Shekara shida tana sha, ba ta mutu ba. Uwata da shi ta tako daga garin Salga da ƙafa. Ranar da aka ba ƙasar nan 'yanci ina cikin taron, da ubanki riƙe da zanena, da lallena, ba wanda ya ce in koma gida." Ta rufe tafin nata. "Amma ni na ja miki, 'yar nan. Tsohuwa ce ta yi kwalliyar da ba a tambaye ta ba. Yafe mini."

"Kaka, kar ki ƙara faɗar haka!" Adiza ta fashe. Duk abin da aka yi mata bai ƙona ta kamar wannan ba, a ce Kaka ce ke neman gafara.

Laraba da safe, kafin a buga ƙararrawa, Tica Imoro ya kira ta gefe. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya zaro safar hannu fara daga aljihu, ta zamanin da yake soja, an wanke ta an sa mata bula.

"Ka sa wannan. Na yi magana da Madam. Ya ce in an rufe, ba laifi."

Safar ta yi mata yawa, yatsun na lilo. Madam ta zo ta duba, ta gyaɗa kai. "Yanzu kin zama mutum," ta ce. Adiza ta haɗiye maganar kamar ƙaya. An bar mata gurbinta a gaba, amma sai ta ɓoye hannunta kamar mai kuturta. Mulikatu ta yi ta murna. Ita kuwa ta yi gwajin nan ba ta ko kalli safar ba.

Ranar Alhamis rana ta fito da wuri. Filin ya cika maƙil, tutoci na kaɗawa, iskar teku na kawo gishiri. Makarantu sun jeru kala-kala, 'yan sanda masu badujala na busa. Can cikin masu kallo, kusa da igiyar da aka tare jama'a da ita, Adiza ta hango wani mayafi shuɗi da ta sani. Kaka Lariba ce. Shekara sha tara ba ta taɓa rufe tukunyar koko da safe ba, ko ranar Sallah, yau ta rufe ta hau turoturo, motar haya. Ta riƙe igiyar da hannu ɗaya, ɗayan kuwa ta dunƙule shi a cikin mayafi. Matar da ba ta taɓa ɓoye hannunta don kowa ba.

Madam ta zo ta yi duba na ƙarshe, ta ja safar ta gyara, ta wuce rumfar malamai. Saura makaranta biyu a gabansu. Saura ɗaya.

Adiza ta kalli safar da ke hannunta. Ta san abin da zai biyo baya, ta san bulalar da ke rataye a ofis. Sai ta tuna Husseina da bokitin ruwan sanyi, da duk waɗanda aka ce musu su bari sai an jima. Yau ce ranar da aka ba ta, in ta wuce gaban mutanen nan da hannun aro, to wa ya yi faretin? Ta kama bakin safar da haƙori ta zare ta dama, ta zare ta hagu, ta miƙa wa Tica Imoro da ke tsaye a gefenta.

Ya kalli safar, ya kalli rumfar malamai, ya kalli hannunta. Gemunsa ya motsa. Sai ya cusa safar a aljihu ya ƙame.

"Dama ya yi maka yawa," ya ce ƙasa-ƙasa. Sannan ya buɗe murya irin ta bariki ya ba da umarnin tafiya.

Suka tafi. Ƙafa kusan tamanin a bayanta kamar ƙafa ɗaya, ita kaɗai a gaba, haɓa a sama. Da suka zo daidai rumfar manya ta juya kai dama, ta ɗaga hannu, ta buɗe tafin nan ja a fuskar rana. Ba ta san ko manyan sun lura ba, ba ta kuma damu ba. Abin da ta ji shi ne guɗa. Wata siririyar guɗa ta tsohuwa ta tsaga ƙarar badujala daga wajen igiya, wasu matan Zango, 'yan unguwannin su Adiza, da ke cikin taron suka amsa, nan da can, har ɗan sandan da ke tsaron igiyar ya waiga. Adiza ta ci gaba da tafiya hawaye na sauka a kumatunta, hannun na nan a sama.

Washegari Madam Okai ta tara makaranta gaba ɗaya. Ta yi dogon jawabi a kan taurin kan 'yan Zango, ta ce bulala shida. Adiza ta fito ba a kira ta sau biyu ba.

"Wanne hannun?" Madam ta tambaya.

"Wanda ya sara, Madam."

Ta miƙa na daman, a buɗe. Shida cif, ba ta janye ba, ba ta kuma ba su kukan da suke jira ba. Ba wanda ya yi dariya. Tica Imoro ya juya baya yana kallon bango.

Ta iso gida tafin ya kumbura suntum, ya yi zafi kamar garwashi. Kaka Lariba ta duba shi, ta zagi bulala da uban wanda ya yanko ta, ta ce gobe masinjan nan ya nemi koko a wani wuri. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ragowar ƙullin Maraɗi.

"Kaka, kuma?" Adiza ta ce, tana dariya tana shan yaji da baki.

"To da me ake sanyaya kumburi in ba lalle ba? Zauna, ja'ira. Miƙo."

Ta miƙa.