Inda Aka Kai Dauda

…to wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Mutum uku, tabarma ɗaya suka zauna a kai, Littafi ɗaya suke karantawa, amma kowa da inda ya kai mata mijinta.

Larai tana zaune a bakin gado, a ɗakinsu na haya a Unguwar Kanawa. Jiya aka binne Dauda. Matan zumuntar coci sun tafi gida ɗora girki, sun ce sai la'asar. Azahar ce, amma ɗakin ya yi duhu — hadari ya haɗu tun safe, ya ƙi zubowa, ya ƙi washewa. Ko kaza ba ta motsi a tsakar gida.

Ga danshin nan kuma. A ƙasa, gaban kujerarsa. Ta goge da safe, ta sake gogewa. Rufi ba ya yoyo, randa tana can lungu… daga ina yake fitowa?

Kada ta duba. Gara ta koma kan mutum ukun.

Yaya Ila ne ya fara, wan Dauda, malamin majami'ar Angalika, da ya zo daga Zariya. Muryarsa a kwance, kamar mai karanta sanarwa. "Ki kwantar da hankalinki, Larai. Ina tsaye aka yi masa baftisma, yana da wata biyu. An sa masa alamar Almasihu a goshi. Alherin Allah ya riga wayonsa zuwa, kuma Allah ba ya manta alkawarinsa."

Wata biyu. Jariri a zane… me ya sani? A cocinsu na Ekwa ba haka aka koya mata ba. Ruwa ba ya ceton kowa. Sai mutum ya yi hankali, ya tashi da ƙafarsa, ya karɓi Mai Ceto da bakinsa. Dauda kuwa ya tashi. Ta gan shi. Shekara goma sha uku ke nan, a taron wa'azi, ya ratsa benci-benci ya durƙusa a gaba. Bayan wata uku Fasto Gambo ya shiga da shi kogin Kaduna har ƙugu, ya dulmuya shi, ya ɗago shi yana tari yana dariya.

Kogin nan dai. Shi ɗin.

Fasto Gambo ya tsufa yanzu, ga kofin shayi a hannunsa. "'Yata, wanda ya ba da gaskiya ya samu, an gama. Ba aikinsa ya sama masa ba, balle aikinsa ya ƙwace masa. Ɗa yana ɓata wa ubansa rai, amma bai daina zama ɗa ba." Ta ji sanyi ya sauka mata har ƙafa. Sai ya ajiye kofin ya ƙara da cewa, "In dai da zuciya ɗaya ya yi."

In dai.

Wa ya shiga zuciyar ya gani? Ranar da ya durƙusa, ita tana layin mawaƙa da ɗankwali ruwan ɗorawa, kuma babanta ya riga ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda aka yayyafa wa ruwa yana jariri. Da Dauda ya ɗago kai daga addu'a, wa ya fara nema da ido? Ita. Ita ya nema. To don wa ya tashi?

Ɗis.

Famfon tsakar gida ne. Ai famfon ne… amma tun shekaranjiya aka ɗauke ruwa.

Na ukun bai yi magana a kan tabarma ba. Sanda, abokin aikinsa, direba a ma'aikatarsu da ke unguwar Doka, mai zuwa cocin Asambilis a Abakpa, inda ake tafi ana addu'a da ƙarfi. Shi ya fi kowa kuka a maƙabarta. Sai da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. "Matar abokina, ba zan yi miki ƙarya ba. Ceto kyauta ne, amma mutum yana iya sakinsa da hannunsa. Shekara bakwai ina binsa ya dawo coci. Sai dai ko ya tuba a numfashinsa na ƙarshe, wannan kuwa tsakaninsa ne da Ubangiji."

Numfashi na ƙarshe. A cikin ruwa? Da wane baki?

Ɗaya ya ce tun yana jariri aka kama shi. Ɗaya ya ce shi ya miƙa hannu, kuma ba a saki. Ɗaya ya ce ana iya zamewa. Dukansu mutanen kirki ne, dukansu sun ƙaunace shi — kuma babu ko ɗaya da ya san abin da ke ƙarƙashin gadon nan.

Santsi, in ji 'yan sanda. Ya sauka wanke ƙafa, kogi ya cika da ruwan Agusta, dutse ya kwashe shi. Haka aka rubuta, haka aka faɗa a coci. Sai ran Laraba wani tsoho masunci ya yi sallama da ƙunshi a hammata. Katin aiki ya bi, ya yi ta tambaya har ya gano gidan. "Baiwar Allah, na ga wannan ba na hukuma ba ne, naki ne." Takalman Dauda. A jere ya same su a kan dutse, kai da kai. Agogo a cikin na dama, katin a cikin na hagu, hula a ninke a sama.

Wanda santsi ya kwasa yana ninke hula?

Suna nan ƙarƙashinta. Tana jin su kamar yadda ake jin mutum a bayanka ko ba ka waiga ba. Warin kogi ya cika ɗakin, warin laka da kifi… ko hancinta ne?

Ba haka ya tafi yaƙin basasa ba. Mai surutu ya tafi, mai tsokana, direban babbar motar soja. Wanda ya dawo kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba. Ran Lahadi zai sa farar riga, ya bi ta har ƙofar coci, ana soma waƙa sai ya juya. Daga nan gidan burkutu. Sau ɗaya tak ya faɗa mata dalili, wata rana da yamma tana tsince shinkafa, shi yana kallon bango.

Mutum goma sha ɗaya a bayan motarsa, hannuwa a ɗaure. An ce ya kai su bakin wani kogi, can kudu, kuma kada ya kashe inji. Da aka sauke su sai ɗaya ya soma waƙa da yarensu. Kalmomin bai sani ba, amma muryar waƙar — ta su Dauda ce, wadda suke yi kowace Lahadi da Hausa. Sauran suka amsa. Shi kuwa ya taka totur, ya yi ta takawa, don kada ya ji. Ya koma da mota babu kowa a baya.

"Ni ban harbi kowa ba, Larai," ya ce. "Inji kawai na taka."

Me ta ce masa? Ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Wani yana yin waƙar yanzu. Ƙasa-ƙasa, baki a rufe, kamar daga cikin bango. Ɗakin da ke jikin nasu na Hansai ne, matar Malam Rabe akawu. Hansai Musulma ce, ina za ta san wannan waƙa? Larai ta riƙe numfashi. Shiru. Ta saki… ga ta nan kuma. Daga maƙogwaronta take fitowa? Ta taɓa wuyanta. Ba ta sani ba.

"Salamu alaikum. Larai, ga ɗan kunu, ki daure ki sa wani abu a cikinki."

Hansai ce, ta ɗaga labule. Ta shigo a hankali, ta zo gaban kujerar — ta kauce. Ta zagaye wurin kamar mai tsallake kwata, ta ajiye kwanon, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta fita ba ta kalli ƙasa ba.

Ta gani ke nan. Ba idon Larai kaɗai ba ne.

Su Hansai in an yi musu rasuwa suna da abin yi. Sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, a taru a roƙa wa mamaci gafara. Hannu yana samun abin kamawa. Ita fa? A nan kaɗai bakin mutum ukun ya zo ɗaya: wanda ya tafi ya tafi, addu'ar mai rai ba ta sauya masa masauki. An rufe. To wa za ta tambaya? In ta fito da takalman ta ajiye gaban Fasto Gambo, zai sake cewa an gama? Yaya Ila zai sake zancen goshi? Sanda… Sanda zai yi ta murza hularsa ne kawai.

Litinin da safe, ranar da ya fita bai dawo ba. Tana goge masa kakinsa na aiki, gawayi yana ƙara a cikin dutsen guga. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa garau, ba warin giya.

"Larai. Abin nan da Fasto ke faɗa… wanda aka karɓa, ko me ya yi daga baya?"

Shekara bakwai bai ambaci Allah a ɗakin nan ba. Murna ta kama ta. Ta ajiye dutsen. Ta zaci motar yake nufi, da mutum goma sha ɗayan.

"Ko me ya yi, Maigida. Ubangiji ba ya sakin wanda ya riƙe."

"Ko me?"

"Ko me."

Ya yi murmushi. Irin na da, na kafin yaƙi. Ya shanye kokonsa tas, ya ce ya yi daɗi, ya fita.

Daga baya. Cewa ya yi daga baya… ba abin da ya wuce yake tambaya ba.

Da amsar Sanda ta ba shi — da ta ce ana zamewa, ana faɗuwa, mutum ya yi hattara — da tsoro ya riƙe shi. Da yanzu yana Abakpa a kan benci da ƙwarya a hannu, a buge, a raye. In gaskiya ta faɗa masa, to yana can lafiya, kuma ita ta buɗe masa ƙofa. In kuwa ba gaskiya ba ce…

Ana kiran la'asar a masallacin unguwa. Daga zaure tana jin muryoyin matan zumunta, suna shigowa, suna gyara murya za su soma waƙa. Ya kamata ta tashi ta shimfiɗa musu tabarma. Ya kamata. Ta dafa gado da hannu biyu, amma ba ta tashi ba.