Kukan Bayan Labule

Toma na durƙushe a bayan zauren yana manne waya da salatif sa'ad da Chukwuma ya dafa kafaɗarsa.

"Na taɓa kwamfutarka da safe, na ɗan gyara jerin sautin. Kai dai ka riƙa dannawa."

"Me ka gyara?"

"Ƙaramin abu ne, mutumina. Mama ta iso?"

Ta iso. Tun da hantsi Mama Liya ta sauka daga motar Zariya, ga ta can a layin gaba. Yau ne za ta fara ganin aikin ɗanta Toma.

Chukwuma ne ya rubuta wasan, shi ke ba da umarni: labarin wani ɗan dako da tirela ta take a kasuwa. Zauren na wata makaranta ne a Sabon Gari, ƙarami, mai rufin kwano. Sauti kuwa aikin Toma ne. Ya yi ta yawo da rikoda a kasuwar Singa yana ɗaukar ƙarar baro da ihun 'yan lodi. Karayar ƙashi ma rake ya karya a gaban makirfo.

Abu ɗaya ne ya gagara, kukan matar mamacin daga bayan labule. Nkechi, mai fitowa a matar, ta yi ta yi, kukan na fita kamar na fim. Ran nan bayan gwaji Toma ya ja su gefe, ita da Chukwuma, ya kunna musu wani abu. Bara, a jana'izar mahaifinsa, shi ya ɗauki sautin sujada, kuma bai kashe rikodar ba lokacin da aka rufe akwatin gawar.

"Don ki ji yadda yake ne kawai," ya ce mata.

Chukwuma ya share ido ya ce, "Allah ne shaida, a ɗakin nan zai tsaya." Aka naɗi na Nkechi haka nan.

Wasa ya fara. Baro ya yi ƙara, tirela ta taka birki, rake ya karye, wata mata a tsakiya ta ce, "Yesu!" Fitila ta dushe. Toma ya danna na gaba.

Ba Nkechi ba ce.

"Malam! Malam Ishaya, wa ka bar mini?"

Muryar ta fito ta lasifika huɗu, tas, har da shaƙewar numfashin. Kafin hannunsa ya kai ga maɓallin rage sauti, ta kira sunan sau biyu. Zauren ya yi tsit. Daga inda yake, ƙeyar mahaifiyarsa kawai yake gani. Ba ta waiwayo ba.

Da wasan ya ƙare, an daɗe ana tafi. Chukwuma ya sauko daga dandamali yana zufa, ya rusuna a gabanta.

"Mama, sannu da hanya! Duk sautin nan da kika ji, ɗanki ne. Gwani ne, wallahi."

"Na ji," ta ce.

Aka janye shi ɗaukar hoto. Ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Toma, tsayar mini da adaidaita. Tasha zan tafi."

"Mama, ba ni na sa ba. Shi ne ya..."

"Wa ya ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya kunna masa?"

Ya miƙa hannu zai karɓar mata jaka. Ta riƙe abarta, ta yi gaba.