Kwaɗon Rumbu a Kan Sikeli

Ga ta nan, ga ta nanku. To, tunda kun ce ta zo mu ji ta, ku matso.

Kaka tana zaune a bencin ƙaramin asibiti, ta rungume jikanta cikin wata riga mai kauri, ga rana kamar ta dafa mutum. Firit ake ce wa yaron, don ƙanƙantarsa, amma ita Maigida take kiransa. Damina biyu ke nan ruwa ya ƙi zuwa. Gona ta bushe, saniyarsu ta mutu, madara ta yanke, sai yaron ya soma zubewa har gashinsa ya yi ja.

Duk mako ana ba su kwaɓin gyaɗa na leda, a ɗora yaro a sikeli. Mako uku a jere allura ba ta wuce kilo bakwai ba. Nas ta ce in yau ma haka ne, sai a kwantar da shi a babban asibiti, tafiyar wuni guda a mota. To wa zai bi shi? Uwar tana jego, uban ya tafi neman aiki. In Kaka ta tafi, babu mai ɗebo wa gidan ruwa.

Saboda haka ta yi dabara. Ta ɗinke kwaɗon kulle rumbu a cikin rigar don yaron ya ƙara nauyi, tunda rumbun babu hatsin da za a kulle. Ta ƙara da ƙararrawar saniyar nan, ta cusa mata tsumma.

"Iya, kawo mijin naki," in ji nas. "Cire masa rigar."

"Wayyo 'yar nan, mura yake yi. Auna shi haka."

"Mura a wannan zafin?"

"Ke dai ba ki san Maigida ba. Mutum ne mai son sutura."

Nas ta dube ta, ta ƙyale. Aka sa shi a bahon da ke rataye jikin sikeli. Allura ta yi tsalle. Kafin nas ta buɗe baki, Firit ya harba ƙafa, tsumma ya faɗo, sai ji kake giling-giling!

Wata mai goyo daga baya ta ce, "Iya, saniya kika kawo awo?"

Ai sai wuri ya kaure da dariya. Nas ta laluba rigar, ta zaro ƙararrawa, ta zaro kwaɗo, tana share hawaye.

"Iya, saura me? Turmi?"

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Muryarta ta yi ƙasa. "'Yar nan, kada ki raba ni da shi. Wallahi makon nan ko yayyensa ban bari sun lasa ba, kamar yadda kika ce. A ƙarƙashin matashina nake ɓoye ledojin. Har cewa suke na zama marowaciya."

"To bari mu ga abin da rowar ta haifar."

Ta tuɓe shi tsirara ta mayar cikin baho. Kaka ta runtse ido, ba ta ma san tana riƙe da hannun matar da ke kusa da ita ba.

"Iya, buɗe idonki. Bakwai da ɗari huɗu."

"Da kwaɗon?"

"Ga kwaɗonki a kan tebur."

Nas ta naɗa masa ɗan tef ɗin awo a damtse. Makonnin baya kullum a ja yake tsayawa, yau ya shiga rawaya. Firit kuwa ya warce ƙararrawar yana kaɗawa, yana ƙyalƙyala dariya, abin da rabon Kaka da ta ji tun kafin saniya ta mutu.

Kaka ta manta da ciwon gwiwa. Ta miƙe ta taka rawa tsakanin bencina, mata suna mata tafi.

"Kun gan shi ko? Ashe duk ɗinkin nan wahalar banza na sha! Maigida, ka iya kunyata mace!"

Ba a kwantar da Firit ba. Bayan mako shida tef ya shiga kore, aka sallame shi. Nas ta riƙe ƙararrawar, da ita take kiran layi har yau. Uwar ta gama jego lafiya, uban ya dawo lokacin ruwan farko. Kaka kuma ta mayar da kwaɗo jikin rumbu, ta ce a bar shi nan, hatsi na tafe.