Kamarar Bakin Sikeli

Baba Sallau ya kwance ƙullin a hankali bisa teburin ofis. Tsohon rawani ne ninki uku, a cikinsa baƙar leda, a cikin ledar kuma farar kamara mai kama da ƙaramar ƙwarya, wayarta a yanke.

"Ga ta nan," in ji shi. "Wata huɗu da 'yan kwanaki tana cikin akwatina. Ko jikokina ban bari sun gan ta ba."

Albarka ya gane ta. Shi ya kafa ta da hannunsa shekara biyu da suka wuce, a saman sikelin wannan mangaza, ɗakin ajiyar gero da gyaɗa da ke bayan Kasuwar Dole. Kamara huɗu ya sa wa Alhaji Mai Nasara, mai mangazar, wanda ke zaune a Yamai yana kallon ma'aikatansa ta salula. Wannan ita ce lamba uku.

"Baba, mayar da ita za a yi?"

"A'a. Buɗe ta za ka yi." Sallau ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ga mai abin."

Wata mata ce zaune a kan benci, ta rufe kanta da mayafi ruwan toka, takalmanta na roba a ajiye gefe. Ba za ta wuce shekara talatin ba. Albarka ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Salamatu ke nan, iyalin Nomau. Shekaranjiya ta fita takaba. Da safen nan ta shigo motar hiyas daga Mirriya."

Albarka ya san Nomau. Shi ne mai awo, dogo, mai ɗan ɗingishi, wanda ya riƙe masa tsani ranar da ya zo kafa kamarorin yana cewa a juya tasa ta kalli bango, shi bai aske gemu ba. Ya ji labarin haɗarin da ya ci shi a hanyar gida wata ranar Asabar, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da aikinsa.

Sallau ya zauna, ya gyara hula. "Da na je gaisuwa, ta aiko a faɗa mini ba su da hotonsa ko ɗaya. Ka san halinsa, bai yarda da hoto ba. Salularsa da katin shaidarsa kuwa a wurin haɗarin suka ɓace. Sai na ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, akwai abin da ya shekara biyu yana kallon mijinta safe da yamma. Ina dawowa na hau buhuna na ciro ta, don kar wani ya tsaya a gabanta ya rufe shi."

Albarka ya juya. Ya dubi kusurwar ofis, inda baƙin akwatin naɗi yake a kan kanta, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Kamara ba ta riƙe komai. Abin da ta gani akwatin take aika wa, shi kuma kwana talatin kawai yake ɗauka, sabo ya hau kan tsoho ya shafe shi. Ya faɗa wa Alhaji haka ranar da ya gama aikin. Bai faɗa wa Sallau ba, don Sallau makullai da leburori ne aikinsa.

Kuma ya tuna ranar. Wata Litinin ce, yana kan tsani a wani kantin magani a Zango, ya duba salularsa ya ga lamba uku ta yi baƙi. Ya kira. Sallau ya ce, "Ni na cire ta, da dalili." Shi kuma ya ce to, har da jin daɗi, tunda ba lalacewa ta yi ba balle a sa shi gyara kyauta. Bai tambayi dalilin ba. A ranar, Nomau yana nan cikin akwatin, na kwana ashirin da takwas cur, yana ɗora buhu yana saukewa. Aikin minti goma ne a juye shi a kile, ɗan tsinken nan na ajiye hotuna.

"Bari in duba wani abu tukuna," in ji shi.

Ya kunna allon. Kamarori uku suka fito: ƙofar shiga da wata kamyo, babbar motar kaya, ana sauke mata wake, bayan mangaza, da ofishin da suke ciki, ga ƙeyarsa nan. Ya shiga wajen kwanan wata ya yi ta komawa baya, ko da yake ya san inda zai tsaya. Ya tsaya a tara ga watan jiya. Ya sake dannawa. Ya sake.

Salamatu ta taso ta tsaya a bayansa, nesa kaɗan.

"Malam, ba sai fuskarsa ta fito sosai ba," ta ce. "Ko tafiyarsa ce. 'Yarmu Habiba shekararta uku. Tana tambayata yaya babanta yake, in buɗe baki in rasa ta inda zan fara. Ni kaina in na rufe ido, rigarsa nake gani, fuskar sai ta ƙi tsayawa."

"Ina zuwa, Yaya," in ji Albarka, ya fita.

A waje rana ta take. Leburori suna wucewa da buhuna a ka, ɗaya yana zagin direban kamyo a kan ya tsaya nesa da ƙofa. Albarka ya laɓe a inuwar bango ya kira Yamai. Sai a kira na uku Alhaji ya ɗauka.

"Albarka, ina ganinka ai. Me kake yi a ofis da mace?"

Ya yi masa bayani a taƙaice, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na san kana ajiye wasu hotunan a salularka. Ko akwai wanda Nomau ya fito a ciki?"

"Allah sarki. Dakata in duba."

Albarka ya jira. Yana jin ƙarar motoci ta can, da numfashin Alhaji.

"Ga na Adamu ranar da ya cika aljihu da gyaɗa. Ga na mai gadi yana barci. Ga na Yakuba da ya taka sikeli da ƙafa. Wannan ma Yakuba ne." Alhaji ya daina lissafin. "Ka san ni ba na ajiyewa sai in mutum ya yi abin da zan nuna masa. Nomau kuwa shekara shida yana mini awo, ban taɓa kama shi da ko tiya ɗaya ta hatsi ba."

"Ko a gefe bai fito ba? A na Yakuba, tunda bakin sikeli ne?"

"Ranar ba ya nan. Da yana nan ai Yakuba bai isa ba." Alhaji ya yi ajiyar zuciya. "Ka ce wa Sallau ya ba ta buhun gero, ya biya mata mota."

Albarka ya daɗe tsaye da salular a hannu. Ya yi tunanin ya ce musu sai ya tafi da kamarar shagonsa, aikin zai ɗauki sati biyu. Daga nan ya ce ya aika Kano. Daga nan wata ya wuce, wani ya zo. Ta haka Sallau ba zai ji kunya a gabanta ba, shi ma ba zai faɗi abin da ya yi ranar Litinin ɗin ba. Amma ita za ta riƙa shiga hiyas tana zuwa.

Ya koma ciki. Sallau ya riga ya juya benci ya fuskanci allon, ya goge mata wuri.

"Baba, Yaya, ku yi haƙuri. Babu komai a cikinta."

"Kamar yaya babu?" in ji Sallau. "Ban jona ta da komai ba. Ban bari ta ga kowa ba bayansa."

"Ita gani kawai take yi. Wancan akwatin ne ke riƙewa, kuma wata ɗaya yake riƙewa ya shafe." Albarka ya dubi Sallau. "Ranar da na kira ka, yana nan ciki. Da na tambaye ka dalili, da na ciro shi. Ban tambaya ba."

Sallau ya dubi akwatin da ke kan kanta, wanda yake share wa ƙura kowace safiya. Ya cire hularsa ya riƙe a cinya.

"Ni na ce mata ta jira," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ta so ta aiko ƙanensa tun ranar bakwai. Na ce a'a, ta bari ta gama takabarta ta zo ta gani da idonta."

Salamatu ba ta yi kuka ba. Ta matso teburin, ta sa yatsa ta taɓa gilashin kamarar, ta janye.

"Malam."

"Na'am, Yaya."

"Amma ta gan shi?"

"Ta gan shi. Kullum, daga bakwai na safe har la'asar."

"Har ranar Asabar ɗin?"

"Har ranar."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kamarar ta mayar cikin ledar, ta naɗe da rawanin yadda ta same shi, ninki uku, ta ƙulle. Ta dubi Sallau.

"Baba, ta Alhaji ce ko?"

Albarka ne ya ce, "Ki tafi da ita. Zan sa masa wata."

Ta sa takalmanta. Sallau ya bi ta yana maganar buhun gero, ta ce a bari sai wani zuwan, ba za ta iya da kaya biyu ba. Albarka ya tsaya a gaban allon. Ya gan ta a lamba ɗaya ta fito ƙofa, ƙullin a rungume a ƙirjinta, ta kauce wa wani lebura, ta bi gefen kamyo ta nufi hanyar tasha, har ta fita daga inda kamarar ke kaiwa.