Ta Daina Sauya Ranar Magani

"Ba zan goge ba, Kawu."

Ta ture kwalin maganin tarin yara gefe, tare da audugar da ake kankare ranar lalacewarsa a buga sabuwa. Kawun nata, mai kantin, ya sauke tabarau.

"Ikon Allah! Shekara biyun nan aljani ne yake gogewa? Ko digirin ne ya motsa?"

"Ni ce, kuma babu wanda ya fi ni iyawa," in ji ta, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ranar Lahadi na durƙusa na faɗa wa Yesu duka. Ya gafarta mini. Wanda aka wanke ba ya komawa taɓo."

"To, Yesun ya ba ki aiki."

Ta ninke farar rigarta, ta ajiye makulli. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Kai ma zai karɓe ka, Kawu."

Ta ga ya tura kwalin ƙarƙashin tebur maimakon ya ɗora shi a kan kantar sayar da magani. Ta fita zuciyarta wasai.

Ta rasa aikin da ɗakin da ke bayan kantin, kuma wata takwas dangi ba su amsa gaisuwarta ba.